Wa Ke Tantance Baƙo a Daura? Tarihin Hannu Biyu da Ke Riƙe da Iyaka

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai bar ƙofar gardama ba game da mai ikon shige da fice. A jerin al'amuran da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, lamba ta 30 ta ambaci shiga ƙasa da fita daga cikinta, ta 18 korar waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ta 42 kuma fasfo da biza. Gwamnan Katsina ba shi da jami'in shige da fice ko ɗaya, haka ma Sarkin Daura. Amma jami'in da Abuja ta turo tashar Kwangwalam a Mai'aduwa ko Babban Mutum a Ɓaure yana fuskantar tambayar da kakinsa ba ya amsa masa. Mutumin da ke gabansa Bahaushe ne, mai harshe da sutura irin na kowa a kasuwa. Ɗan wace ƙasa ne? Fiye da shekara ɗari ke nan amsar tana hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai.

Layin da ya raba gida ɗaya

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Daura ta riga ta rarrabu. Bayan jihadi ya ci birnin a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe sun yi ƙaura, daga baya zuriyarsu ta kafu a Zango da Ɓaure, a inuwar Damagaram mai hedikwata a Zinder. Da Ingila da Faransa suka zo rabon yankin, sai da suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, domin Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya kafa turakun iyaka. Daura da Zango da Ɓaure suka faɗa kudu, Magarya da Matamaye suka faɗa arewa, alhali auratayya da gonaki da kasuwanni na nan yadda suke.

Turawan Ingila ba su da ma'aikatan da za su tsare wannan layi. Sai suka dogara da En'e. Dagaci ne ke riƙe da jerin masu biyan haraji, hakimi ke karɓar jangali, dogarai da 'yan doka ke kama mai laifi. Al'adar sanar da mai unguwa idan an yi baƙo ta zama ginshiƙin tsaro. A aikace, wanda sunansa ke cikin littafin harajin gari shi ne ɗan gari, kuma iyalai kan tsallaka zuwa ɓangaren da haraji da aikin tilas suka fi sauƙi.

Iko ya koma sama, sani ya tsaya ƙasa

A 1958 aka cire sashen shige da fice daga rundunar 'yan sanda, dokar 1963 ta ba shi cikakken matsayi. A zamanin Gowon aka shigar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan tarayya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Daga nan sarki ba ya kamawa, ba ya kora.

Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta mayar da maganar wurinsa ta wata hanya. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki ya jingina zama ɗan ƙasa ta haihuwa da iyaye da kakanni, har ya kai ga al'ummar da take 'yar asali a Najeriya. Haihuwa a cikin ƙasar kaɗai ba ta isa ba. Tun da yawancin mutanen karkara ba su da takardar haihuwar kakanninsu, hujjar da aka fi dogara da ita ita ce takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda bisa al'ada takan faro daga shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi. Ita ce mai neman fasfo ke kai wa Hukumar Shige da Fice. Ke nan hukumar tarayya tana buga hatiminta ne a kan maganar mutumin da dokar jiha ta naɗa.

Lokutan da aka ja igiya

Shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman ta nuna haɗarin yin gaban kai. A Janairun 1980 jami'an tarayya suka ɗauke shi, yana shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno a jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi bisa zargin shi baƙo ne. Gwamnatin tarayya ta NPN ce, ta jihar kuma ta adawa. Babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne, ta soke korar. Darasin ya shafi kowane gari na bakin iyaka: idan ana iya yi wa ɗan majalisa haka, talakan Zango ba shi da tabbas.

Rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a Kano ya ƙara tsoron baƙi, domin jagoransa Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne. Ga shi kuma kuɗin man fetur ya faɗi. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan harkokin cikin gida Ali Baba ya ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. An ƙiyasta waɗanda suka fita da kusan miliyan biyu, kimanin rabinsu 'yan Ghana, tare da ɗimbin 'yan Nijar. Wannan ya faru ne shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba 'yan yankin damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba.

A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ta sake korar baƙi a 1985. Ba a buɗe iyaka ba sai 1986, a mulkin Babangida. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci suna El-Buhari. Da ya dawo mulki, ya sake rufe iyakoki a Agustan 2019, aka kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke tazarar kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya faɗa kai tsaye a kan garuruwan bakin iyaka na masarautar Daura. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. A duk waɗannan lokuta, gwamnatin tarayya ce ta yanke hukunci, masu sarauta kuma aka bar wa aikin lallashin jama'ar da 'yan'uwansu ke tsallaken layi.

Gurbin da doka ta bari

A Amurka wannan dangantaka a rubuce take. Dokar 1996 ta ba 'yan sandan jihohi damar ƙulla yarjejeniya da hukumar shige da fice idan sun ga dama, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 1997 cewa tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jiha aiwatar da shirinta ba. A Najeriya gwamna ba shi da 'yan sandan da zai bayar ko ya hana, kundin 1999 kuma bai ba sarakuna wani aiki ba. Haɗin kan yana gudana ne ta majalisar tsaro ta jiha, da ziyarar da kwanturola kan kai fada, da umarnin da sarki kan ba hakimai.

Tsarin da ba a rubuta ba yana da illa ta fuska biyu. Mai unguwar da alawus ɗinsa bai taka kara ya karya ba yana iya sa hannu ga wanda bai cancanta ba. Yana kuma iya hana wanda ya cancanta saboda gaba ko siyasa, ba tare da wata hanyar ɗaukaka ƙara mai sauƙi ba. Makiyayin da aka haifa a ruga shi ya fi kowa shiga wannan hatsari.

Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa batun ya ƙara nauyi, ko da yake ƙungiyar ta ce zirga-zirga za ta ci gaba har sai an cim ma sabon tsari. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura zai bi. Kafin jirgin ya fara jigila, akwai aikin da ke cikin ikon majalisar dokokin Katsina: ta shimfiɗa ƙa'idar ba da shaidar asali, ta fayyace alhakin mai sa hannu, ta buɗe wa wanda aka hana hanyar kai kuka, ta kuma taimaka wa hukumar ƙidaya wajen rajistar haihuwa a kowace gunduma. Jami'in da ke Kwangwalam zai ci gaba da dogara da shaidar mai unguwa, don haka ya kamata doka ta san da ita.