Rumawan Gabas da Rumawan Dauri: Abin da Ya Ɗore da Abin da Ya Gushe

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta daular da Turawa ke kira Bizantiya da tsohuwar daular Rum ta fuskar suna, kuɗi, shari'a da zaman birni. Ra'ayinta shi ne hukumar Rum ba ta yanke ba. Abin da ya rushe a ƙarni na bakwai shi ne tsarin birane.

Matsalar suna

Babu wani sarki a Ƙusɗanɗiniyya da ya taɓa kiran kansa sarkin Bizantiya. Daga 330, lokacin da Sarki Kustantin ya ƙaddamar da birnin a kan tsohon garin Bizantiyon, har zuwa 1453 da Sultan Muhammadu na Biyu ya ci shi, mutanen ƙasar Romayoi suke ce wa kansu, wato Rumawa. Sunan Bizantiya ya samu gindin zama ne bayan wani malamin Jamus, Hieronymus Wolf, ya buga tarin littattafan tarihinsu a 1557, daular ta fi shekara ɗari a kabari.

Ƙin kiran su Rumawa ya girmi Wolf, kuma siyasa ce. Tun da Fafaroma ya naɗa Shalaman sarauta a 800, Yammacin Turai ya shiga kiran na gabas sarkin Girkawa. A 968 jakadun Fafaroma suka kai wa Nikeforos na Biyu wasiƙa mai wannan laƙabi, aka jefa su kurkuku. A nan almajirin da ya karanta Suratur Rum ya fi ɗalibin masanin tarihi Gibbon kusa da gaskiya: Rum ɗin da Larabawa suka sani, Rum ɗin Sarki Hiraƙlu, ita ce wannan daula, kuma daga gare ta Bahar Rum ya shigo bakin Bahaushe.

Zinariya da haraji

Hujja mafi ƙarfi kan ɗorewar hukuma ana iya riƙe ta a tafin hannu. Kustantin ya ƙera tsabar zinariya mai suna solidus, guda 72 a awon libra na Rum, kowace nauyinta kusan giram huɗu da rabi. Gaurayen da ya lalata ta bai kankama ba sai ƙarni na goma sha ɗaya, abin da ya sa Aleksiyos na Ɗaya ya yi gyaran kuɗi a 1092. Kusan shekara ɗari bakwai ke nan. Dinarin azurfa na Rumawan dauri bai yi wannan kwana ba, domin a ƙarni na uku kuɗin azurfar Rum ya koma tagulla da aka shafa wa azurfa. A wannan fage 'ya ta fi uwa.

Dalilin a fili yake. Gwamnati tana karɓar harajin ƙasa da zinariya, ta biya soja da ma'aikata da ita, zinariyar ta kewayo baitulmali. Sarakunan da suka gāji Yamma bayan 476 sun saki wannan igiya, suka koma raba wa mayaƙa gonaki. Ko dinarin da Halifa Abdulmalik ya ƙera wajajen 697 a kan ma'aunin solidus aka gina shi, an ɗan rage nauyi.

Shari'a da harshe

Abin da duniya ke karantawa yau da sunan dokar Rum, yawancinsa a Ƙusɗanɗiniyya aka tace shi. Kwamitin Tiriboniyan ya kammala Digesta a 533 bisa umarnin Sarki Jastiniyan, littafi 50 na fatawoyin masanan dauri irin su Ulpiyan. Da Latin aka rubuta shi, amma yawancin sababbin dokokin Jastiniyan da Girkanci suka fito, saboda shi jama'a ke ji. Wajajen 900 aka sake zuba dukan tarin cikin Girkanci a littafi 60 na Basilika. Harshe ya sauya, hukuncin gado da ciniki ya tsaya a kan tushensa. Inda aka kauce shi ne horo: Ekloga, dokar Sarki Liyo na Uku, ta yawaita yanke hanci da hannu a wuraren da dā kisa ake yi, wai don tausayin Kirista.

Mutuwar birni

Nan ne Barume na zamanin Sarki Agusta zai ɓata hanya. Tsohuwar daula gamayyar birane ce, kowanne da majalisar attajiransa masu gina wuraren wanka da dandalin wasa don neman suna. Annobar 541, yaƙin Farisa, da asarar Sham bayan yaƙin Yarmuk a 636 da ta Masar a 642 sun karya wannan tsari. Rabon burodi kyauta a babban birni ya tsaya tun 618, da alkamar Masar ta yanke. Magudanar ruwan Balens, wadda mayaƙan Abarawa suka datse a 626, ta zauna a bushe har sai da Kustantin na Biyar ya gyara ta wajajen 767. Birnin da ya iya haƙura da ita shekara ɗari da arba'in, mutanensa sun ragu ƙwarai.

A larduna abin ya fi muni. Masu tonon kufai a Sardis da Atina da Koranti sun tarar ƙananan tsabobin tagulla, kuɗin cefane, suna yin ƙaranci sosai daga tsakiyar ƙarni na bakwai, ba su dawo da yawa ba sai ƙarni na tara. Garuruwa suka takure cikin ganuwa a kan tudu, har kalmar kastron, wato ganuwa, ta zama sunan gari a bakin mutane. Ɗan attajirin da a dā zai nemi kujera a majalisar garinsu, yanzu sai ya nufi fada neman muƙami, ko rundunar lardi, ko gidan sufaye.