Saitin gaban babur

Saitin gaban babur shi ne daidaita sassan da ke juya babur, wato kai da wuya da shokazoba biyu na gaba da tayar gaba, haɗe da zaɓen tayar da ta dace da ƙasar da za a bi, domin babur ya riƙa bin inda matuƙi ya nufa da shi. Idan saitin ya lalace, babur kan riƙa ja gefe guda, ko kansa ya yi rawa, ko ya zarce a kwana duk da an karya kan. A kan kwalta ana iya lallaɓawa a haka na wani lokaci. A hanyoyin burji da na daji, irin waɗanda suka haɗa ƙauyukan Gayam da garin Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna, ƙaramin lahani a gaba ya isa ya kayar da mutum da kayansa.

Yanayin hanyoyi

Gayam ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tare da irin su Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa. Yankin na manoma ne, ana noma masara da dawa da shinkafa da waken suya, kuma a cikinsa ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda ya zama na ƙasa a shekarar 1999. Hanyoyin da suka ratse daga babban titi yawancinsu ba su da kwalta. Da damina, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, jar ƙasa kan yi santsi, fadama ta yi taɓo. Da rani kuma burji kan yi gargada, yashi ya taru a mashigan rafuka. Babur ɗaya ne ke bin duka waɗannan, ɗauke da buhu, ko fasinja biyu, ko marar lafiya da ake hanzarin kaiwa asibiti.

Matsayin babur a yankin ya ƙara fitowa fili a ƙarshen watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana hawansa a faɗin jihar na wata uku saboda 'yan bindiga na amfani da shi, abin da ya tsayar da zirga-zirgar mutanen ƙauye ma. A watan Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan wani sulhu.

Yadda gaban babur ke aiki

Wuyan babur ba a tsaye sak yake ba, ya ɗan kwanta baya. Idan aka ja layi daga wuyan har ƙasa, layin zai sauka a gaban inda taya ta taɓa ƙasa, da tazarar da kan kai santimita 8 zuwa 12 a yawancin babura. Wannan tazara ce ke sa tayar gaba ta riƙa miƙe kanta yayin tafiya, kamar yadda ƙananan tayoyin gadon asibiti ke juyawa su bi inda aka tura gadon. Idan ta yi yawa babur zai natsu a miƙaƙƙiyar hanya amma kansa ya yi nauyin juyawa. Idan ta yi kaɗan kai zai yi sauƙi, sai dai abu kaɗan ke girgiza shi.

A cikin yashi taya kan nutse ta riƙa tura yashin a gabanta, sai inda take dafa ƙasa ya matso gaba, tazarar ta ragu. Shi ya sa kan babur ke wujijjiga hannu a mashigin rafi. Gwanaye kan ɗan ja jiki baya, su riƙe wuta daidai, su bar birkin gaba.

Lodi ya fi komai ɓata saiti. Ƙaramin babur irin Bajaj Boxer mai inji kusan 100cc bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba. Idan aka ɗaura masa buhun masara mai kilo 100 a can ƙarshen kariya, bayan gindin tayar baya, baya zai zauna, gaba ya ɗaga, nauyin da ke danne tayar gaba ya ragu. Tayar da ba a danne ta ba kuwa ba ta kama ƙasa, ko da sabuwa ce fil. Maganinsa shi ne a matso da kaya gaba gwargwadon iko, a kuma ƙara taurin shokazoba na baya. Yawancin irin waɗannan babura suna da matakai biyar na tauri, kuma dole ɓangarorin biyu su kasance a mataki ɗaya.

Dubawa da gyara

Ana fara duba boris na wuya. A kafa babur a kan jak na tsakiya, a sa wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, sannan a juya kai dama da hagu a hankali. Idan ya riƙa sarƙewa a tsakiya, boris ya ci rami, sai canji. Idan aka kama shokazoba daga ƙasa aka ja gaba da baya aka ji ƙwas-ƙwas, wuya ya saki, sai a ɗaure notinsa. Ɗaurewa fiye da kima ita ma illa ce, domin babur mai taurin wuya yakan riƙa yawo a hanya. Gargada da ratsa ruwa suna saurin kashe boris, don haka mai bin hanyar daji yana bukatar sabon giris aƙalla bayan kowace damina.

Shokazoba biyu na gaba su kasance tsayi ɗaya, mansu daidai. Wanda ke yoyon mai zai fi ɗan'uwansa laushi, kuma man na iya gangarowa ya shiga birki. Bayan faɗuwa sukan murɗe, a ga kai na kallon wani wuri taya na kallon wani. Sau da yawa sassauta notuna, a miƙar, a sake ɗaurewa ya wadatar, matuƙar ƙarfen bai lanƙwashe ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne tayar baya. Idan wajen jan sarƙa aka ɗaure gefe ɗaya fiye da ɗayan, tayar baya za ta karkace, babur ya riƙa tafiya a kaikaice, a yi ta zargin gaba alhali laifin yana baya. Ana gane wannan da zare, a miƙa shi gefen tayoyin biyu a ga ko layinsu ɗaya.

Zaɓen taya

Lambobin jikin taya suna da ma'ana. A 2.75-17, wadda ita ce tayar gaban Boxer, lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu kuma girman rim. Ta baya 3.00-17 ce. Alamar 4PR ko 6PR na nuna ƙarfin ɗaukar kaya. Akwai kuma lambobi huɗu na lokacin ƙira: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Wannan na da amfani ga mai sayen tayar gwanjo, domin roba na bushewa ta tsage ko da zanenta bai suɗe ba.

Tayar gaba da kamfani ke sakawa yawanci mai dogayen layuka ce, wadda ke riƙe hanya a kwalta amma taɓo na cike ta nan da nan. Taya mai manyan haƙora na huda taɓo da yashi ta kama, sai dai a kwalta tana ƙugi, tana saurin cinyewa, kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi sosai. Ga wanda rabin tafiyarsa burji ce rabi kwalta, mai matsakaitan haƙora ta fi. Kuskuren da aka saba yi shi ne a sayi sabuwar taya mai haƙora a sa a baya, tunda ita ke saurin ƙarewa, a bar gaba da suɗaɗɗiya. Sai baya ya riƙa tura babur da ƙarfin da gaba ba zai iya juyawa ba. Zamewar baya ana iya cetonta, amma ta gaba da wuya.

Iskar da Bajaj ke ba da shawara a ƙananan baburansa ita ce kusan awo 25 a gaba, 28 a baya, 32 idan da goyo. Masu faci da dama kan cika taya har ta yi tauri kamar dutse, suna gwadawa da yatsa, sai ta riƙa tsalle a gargada. Rage iska kaɗan na taimakawa a yashi, amma idan ta yi ƙasa sosai rim zai tsinke tif a kan dutse.

A ƙasashen ƙanƙara

Irin wannan lissafi ake yi wa babur ɗin ƙanƙara a Kanada da arewacin Amurka da Finlan. Kamfanin Joseph-Armand Bombardier ne ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959 a garin Valcourt na lardin Kebek. Maimakon tayar gaba, yana da sulalla biyu, a baya kuma bel mai faɗi ne ke tura shi. A ƙarƙashin kowane sulalle akwai sandar ƙarfe da aka dasa wa haƙoran kabaid na tungstin, masu tsawon inci 4 zuwa 10, domin su yanki daskararriyar ƙanƙara. Wannan kabaid ba shi ne na masu walda da nunar da ayaba ba, wani haɗi ne mai tsananin tauri wanda ake sa wa a bakin ƙarfen huda kankare. Tungstin ɗin daga ma'adinin wolfram ake samo shi, wanda akwai shi a duwatsun Riruwai na Jihar Kano.

Ana buɗe bakin sulallan biyu da kimanin milimita 3 fiye da bayansu, don kada su riƙa fizga cikin sawun wasu. Wanda ya ƙara ƙusoshi a bel na baya kuma sai ya ƙara tsawon kabaid a gaba, in ba haka ba injin zai zarce da shi a kwana. Idan kabaid ya yi yawa a kan bel marar ƙusoshi, kai kan yi nauyi, baya ya riƙa sullewa.