Curt Flood: ɗan wasan da ya ƙi yarda a sayar da shi kamar haja

Curt Flood baƙar fata ne ɗan Amurka, kuma yana cikin gwanayen ƙwallon besbol na tsakiyar ƙarni na 20. A wannan wasa, wani ne ke jefo ƙwallo, wani ya maka mata gora, sauran abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin cafe ta. Aikin Flood shi ne tsaron tsakiyar bayan fili, inda ƙwallo mai nisan zango ke sauka. Sai dai shari'ar da ya yi da masu ƙungiyoyi ta fi bajintarsa a fili shahara.

Tasowarsa da wasansa

An haife shi ranar 18 ga Janairu, 1938 a birnin Houston na jihar Texas, ya kuma girma a Oakland ta jihar Kalifoniya. A 1956 ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi, ta tura shi ƙananan gasanni a kudancin Amurka, inda dokar wariyar launin fata ta hana shi cin abinci ko kwana wuri ɗaya da abokan wasansa farare.

A ƙarshen 1957 aka mayar da shi St. Louis Cardinals, ya yi mata kakar wasa 12. Ya ci kyautar Gold Glove ta gwanayen tsaron fili sau bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969, kuma da shi ƙungiyar ta ɗauki kofin World Series a 1964 da 1967.

Rikici da shari'a

A wancan zamani akwai wani sharaɗi a kwantiragin kowane ɗan wasa, wanda ya ɗaure shi ga ƙungiyarsa ko da wa'adinsa ya ƙare. Ƙungiya na iya sayar da shi ko musanya shi ba tare da jin ta bakinsa ba. Idan ya ƙi, sai dai ya bar sana'ar.

A watan Oktoba na 1969 aka musanya Flood zuwa Philadelphia, ya ce atafau ba zai je ba. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa shugaban hukumar wasan, Bowie Kuhn, cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Da Kuhn ya ƙi sakin sa, sai ya garzaya kotu a Janairun 1970, da goyon bayan ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller. Albashinsa a lokacin dala 90,000 ne a shekara, duk ya haƙura da shi. Babu ko ɗaya cikin 'yan wasan da ke kan ganiyarsu da ya tsaya masa shaida. Tsofaffi irin su Jackie Robinson ne suka yi.

Ranar 19 ga Yuni, 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da shi, alƙalai biyar a kan uku. Kafin nan sana'arsa ta riga ta mutu: wasa 13 kacal ya yi wa Washington a 1971, sannan ya ƙaura zuwa Sifaniya.

Abin da ya biyo baya

Faɗuwarsa ta ƙara wa 'yan wasa ƙarfin gwiwa. A Disambar 1975 mai sasanci Peter Seitz ya 'yantar da wasu 'yan wasa biyu, wanda ya buɗe ƙofar sauya ƙungiya bayan ƙarewar kwantiragi. Ƙwallon ƙafa a Turai bai samu irin wannan ba sai a hukuncin Bosman na 1995.

Flood ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1997 sakamakon ciwon dajin maƙogwaro, yana da shekara 59. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka da sunansa, wadda ta bai wa 'yan wasan babbar gasa kariyar da ya nema a kotu aka hana shi.