Matan Fada da Fadamar Zauro: Tarihin Bakin Ruwan da Baƙi ke Ziyarta

1.0 Gabatarwa

A zamanin nan akwai wani irin yawon buɗe ido da ya yi tashe a duniya, watau zuwa tsibiran da ke cikin tekun ƙasashe masu zafi, inda akan yi wa baƙo alkawarin farin rairayi da ruwa garai-garai, a ce masa wurin yana nan yadda Allah ya halicce shi. Mu a ƙasar Hausa ba mu da teku, balle tsibiransa. Amma muna da bakin ruwa guda wanda sunansa ya zagaya duniya, wanda kuma dubban baƙi kan yi takakkiya don su gan shi. Wannan wuri shi ne Matan Fada, a gefen garin Argungu, inda ake yin bikin kamun kifi.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin wannan bakin ruwa tare da fadamar da ke ciyar da shi, wadda ta miƙe daga Argungu ta bi ta Zauro har Birnin Kabi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, albarkar da baƙo ke gani a Matan Fada abu biyu ne suka haife ta: cikar gulbi kowace damina, da kuma dokar Kabawa ta hana kamun kifi sai lokacinsa ya yi. Duk ranar da ɗayansu ya faɗi, biki ya faɗi.

2.0 Gulbi da Fadama

Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su gangaro kudu maso yamma su ratsa ƙasar Argungu da ta Gwandu kafin su zuba a Kogin Kwara. Mutanen wannan yanki suna kiran wannan sashe Gulbin Kabi. Gulbi ne mai tafiya cikin fadama mai faɗi, ya rarrabu reshe-reshe. Idan damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, ruwa ya malale fadama duka, tuddan da ke cikinta su zama tsibirai, ba a isa gare su sai da jirgin ruwa.

A cikin wannan malala ne kifi ke hayayyafa. Yakan bar tsakiyar gulbi ya shiga cikin ciyawa da shinkafa ya zuba ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci da maɓoya. In kaka ta wuce ruwa ya fara janyewa, sai kifin ya koma ya taru a gurabe masu zurfi waɗanda ba su ƙafewa da rani. Matan Fada ɗaya ne daga cikin irin waɗannan gurabe. Saboda haka giwan ruwan da masunci zai rungumo a watan Fabrairu ko Maris, da tarwaɗa da ƙurungu da yauni, dukansu amfanin cikar gulbi ne ta daminar da ta wuce da waɗanda suka gabace ta. Manomin shinkafa na Zauro, da Bafillacen da ke sauko da shanunsa fadama da rani, da masuncin Argungu, duk daga akushi ɗaya suke ci.

3.0 Fadama a Tarihin Kabi

Daular Kabi ta kafu ne a farkon ƙarni na 16, lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Songhai wajen shekarar 1516, ya kafa birninsa a Surame. Tun daga wannan zamani ƙarfin Kabi yana haɗe da ruwa. Sarkawa, watau masunta da masu tuƙin jirgi waɗanda ake danganta asalin sunansu da Sorko na ƙasar Songhai, suna da matsayi babba a cikin sha'anin daular. P. G. Harris, wani jami'in mulkin Turawa, ya rubuta bayani a kan masuntan Kabi wanda aka buga a 1942, ya nuna yadda sana'ar take da shugabanni da ƙa'idodi nata na kanta.

Daga baya Birnin Kabi ya zama hedikwata, har zuwa 1805 lokacin da rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Waɗanda ba su miƙa wuya ba daga cikin gidan sarautar Kabi suka ja da baya, a ƙarshe suka tare a Argungu. An kashe Sama'ila Karari a 1831, amma a 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya sāke ɗaga tutar Kabawa. Daga nan har ƙarshen ƙarni ana ta gwabzawa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. M. B. Alkali ya yi nazarin wannan zamani a kundinsa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙaramar ƙasa ta jure wa manyan maƙwabta biyu har rabin ƙarni. Babban dalili shi ne fadama. Dawaki ba su iya ratsa taɓo da ruwa, kuma watanni da yawa a shekara gulbi ya zama ganuwa. Har ila yau fadamar ta ba Kabawa shinkafa da kifi ko da an tsare musu hanyoyin tudu. Ashe ke nan wurin da yau ake zuwa kallo, jiya bakin dāga ne, kuma garuruwan da ke tsakanin Argungu da Birnin Kabi sun daɗe suna zaman kan iyaka.

4.0 Dokar Ruwa

Tun kafin bikin da muka sani yau, Kabawa suna da al'adunsu na shekara-shekara, irin su Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa da Gyaran Gari da Shan Kabewa. Biyun farko su ne suka shafi maganarmu. A wurin Gyaran Ruwa, Sarkin Ruwa da manyan masunta sukan shiga gulbi su yi abin da suka gāda don neman kariya daga kada da sauran ɓarnar ruwa. Fashin Ruwa kuwa shi ne buɗe ruwa, watau ba da izinin a fara su. Kafin wannan rana, wanda duk aka kama yana su a gurbin da aka hana, ya yi laifi a gaban sarauta.

Yaɗuwar Musulunci ta kawar da akasarin abin da ya shafi tsafi a cikin waɗannan al'adu, amma ƙashin bayansu ya tsaya, shi ne rufe ruwa da buɗe shi. In muka dubi wannan doka da idon masanin kifi na zamani, za mu ga hikima uku a cikinta. Na farko, tana ba kifi damar ya hayayyafa ya girma. Na biyu, tana ƙayyade kayan aiki: a Matan Fada ranar biki ana shiga ne da homa da gora, homa don kamu, gora don masunci ya hau ya yi iyo ya kuma zuba abin da ya kama. Irin wannan kamu ba ya share gulbi ƙarƙaf. Na uku, tana sa kowa ya shiga lokaci ɗaya, don kada mai ƙarfi ya riga mai rauni.

5.0 Daga Al'ada zuwa Abin Kallo

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Wannan ziyara muhimmiya ce ƙwarai, domin ta nuna ƙarshen gābar da aka gāda tun zamanin jihadi. Don girmama baƙon, aka shirya babban kamun kifi, kuma daga wannan shekara ake ƙidayar bikin Argungu. Ya kamata mu lura cewa tun ranar farko an shirya shi ne saboda baƙo. Abin da Kabawa suke yi wa kansu ya zama abin da suke nuna wa wani.

Sannu a hankali sai gwamnati ta shigo. A 1958 aka buɗe tsohuwar fadar Argungu a matsayin gidan tarihi na Kanta. A 1970, bayan ƙare yaƙin basasa, Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya halarci bikin tare da Shugaban Jamhuriyar Nijar Alhaji Diori Hamani, abin da ya fitar da sunan Argungu waje. Gwamnatin Jihar Arewa maso Yamma, da ta Jihar Sakkwato daga 1976, da ta Jihar Kabi daga 1991, kowacce ta ɗauki bikin a matsayin nata. Aka gina masaukin baƙi da rumfunan 'yan kallo, aka ƙara nunin amfanin gona da kokawa da dambe, ga kuma wasannin Kabanci irin su tseren jirage da nutso da kamun agwagwa. Kamun kifin kansa bai fi kamar awa guda ba: a harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin ruwa, makaɗa na bin su cikin jirage. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gāda.

6.0 Madatsai da Aikin Zauro

A daidai lokacin da sunan biki ke ɗaukaka, sai gulbin da ke ciyar da shi ya fara sauyawa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya sa gwamnati ta ƙara mai da hankali ga noman rani, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka gama madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Madatsa aikinta ne ta riƙe ruwan damina ta sake shi da rani, watau ta rage cikar gulbi. Binciken W. M. Adams wanda aka buga a 1985 ya nuna cewa a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakalori malalar ruwa ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja da baya, kamun kifi ma ya ragu.

A nan ne Zauro ta shigo cikin magana. Tun 1969 aka tsara wani aiki na noman rani a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kabi, mai faɗin hekta fiye da 10,000. Tsarin irin na ƙasar Holan ne da ake kira folda: a kewaye fadama da ganuwar ƙasa don kada ambaliya ta shiga, sa'an nan a riƙa shigar da ruwa da fitar da shi gwargwadon bukatar shuka. A 1982 aka yi gwajinsa a kan hekta 100, amma babban aikin ya sha jinkiri shekara da shekaru. Amfaninsa a bayyane yake, domin manomi zai iya noma sau biyu a shekara, kuma ba zai yi asara irin ta ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima. Sai dai duk hektar da aka kewaye da ganuwa, an fitar da ita daga cikin wuraren da kifi ke zuba ƙwai, an kuma rufe ta ga shanun rani.

Alamun matsala sun bayyana a Matan Fada kansa. A 2006 an hana kamun kifin biki saboda ƙarancin ruwa. Bayan na 2009 kuma bikin ya tsaya har shekara goma, saboda dalilan tsaro da wasunsu, sai a watan Maris na 2020 aka farfaɗo da shi. Ga kuma rairayi da ke cike gurabe, da injunan ban ruwa da suka yawaita a bakin gulbi tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa a jihar. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

7.0 Darasi daga Tsibiran Teku

Tsibiran da aka ambata a farkon wannan takarda sun riga mu shan wannan wuya. Bakin ruwan Maya, a wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Tailan, ya yi suna bayan wani fim da aka ɗauka a wurin ya fito a shekarar 2000. Baƙi suka yi ta kwarara har suka kai kimanin 5,000 a rana, jiragensu suka lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwa. A watan Yuni na 2018 hukuma ta rufe wurin, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022, da sharaɗin kada jirgi ya shiga ciki, kuma a riƙa rufe shi wata biyu kowace shekara. Haka nan gwamnatin Filifin ta rufe tsibirin Borakai wata shida a 2018 saboda ƙazantar da masaukan baƙi ke zubawa a teku.

Maganin da waɗannan ƙasashe suka gano bayan ɓarna ta auku, watau a rufe ruwa a bar shi ya huta, shi ne abin da Kabawa suke yi tun kaka da kakanni. Amma akwai bambanci. Su can cutar daga baƙi ta zo, kuma rufe ƙofa ya isa magani. Mu nan baƙi kwana huɗu suke yi su tafi. Abin da ke barazana ga Matan Fada yana can nesa, a ƙofofin madatsai da kan takardun tsara ayyukan noma, inda ikon Sarkin Ruwa bai kai ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai shawarwari uku. Na farko, hukumar da ke kula da Bakalori da Goronyo ta sa bukatar kifi da fadama cikin lissafinta na sakin ruwa, ta yadda za a sami matsakaiciyar malala kowace damina. Na biyu, duk lokacin da za a faɗaɗa aikin Zauro, a bar wasu sassan fadama a buɗe, da hanyoyin da kifi zai bi tsakaninsu da gulbi, a kuma zauna da masunta da makiyaya tun kafin a ja layi a kan taswira. Na uku, mu malaman kwalejojin ilmi mu tura ɗalibanmu su rubuta abin da tsofaffin masunta suka sani: sunayen gurabe, da lokutan rufe su da buɗe su, da hukuncin wanda ya karya doka. Wannan ilmi a ka yake, kuma masu shi suna ta raguwa.

Fadamar da ta tsare Kabawa daga dawakin abokan gāba a ƙarni na 19, ita ce ta ba su abin tarbar Sarkin Musulmi a 1934, ita ce kuma ake so ta ciyar da Nijeriya da shinkafa yau. Za ta iya ɗaukar noma da kiwo da su gaba ɗaya, muddin aka raba ruwanta da adalci, kamar yadda masu ita suka saba yi.