Ƙirga Fuskoki da Matsalar Wakilci a Fim ɗin Dirty Dancing

Wata hanya ta samu karɓuwa a sharhin tsofaffin finafinai: a ƙirga baƙaƙe nawa, mata nawa, a yanke hukunci. Da wannan ma'auni Dirty Dancing (Ardolino, 1987) ya faɗi warwas, tunda kusan duk mai magana a cikinsa farar fata ne. A ganina an yi gaggawa.

Labarin sananne ne: bazarar 1963, Baby 'yar likita ta kamu da son Johnny, mai koyar da rawa a wani otal na tsaunukan Catskill. Masu ƙirga sun tsallake dalilin kafuwar irin waɗannan otal-otal. Yahudawan New York ne suka raya su, a zamanin da masaukai da dama a Amurka ke mayar da Bayahude daga bakin ƙofa. A zuba su kwando ɗaya da waɗanda suka kore su, a kira su duka farare, wannan shafe tarihi ne. Ga kuma bambancin mai kuɗi da talaka. Tun farkon fim Baby ta leƙa ta ji mai otal yana ba 'yan jami'a masu raba abinci izinin zagayawa da 'ya'yan baƙin otal, ya juya ga 'yan rawa ya ce su koyar kawai, kada su wuce nan. Penny kuwa, abokiyar rawar Johnny, ta kusa rasa ranta wajen zubar da ciki a ɓoye, a kan dala 250, shekara goma kafin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1973 kan zubar da ciki. Babu lissafin da zai kamo waɗannan.

Sai dai akwai sukar da ba zan iya turewa ba. Mai ita zai ce: na wa ne kiɗan? Muryar Otis Redding ce da ta Solomon Burke ke kaɗa jikin masoyan, rawar mambo kuma daga Kuba ta taso, amma jikin da kyamara ke bi fari ne. Charles "Honi" Coles, gwanin rawar ƙafa da ya shafe shekaru a dandamali, an tsayar da shi gaban makaɗa a matsayin Tito, da 'yan kalmomi ƙalilan. Ana iya cewa haka otal-otal ɗin suke a lokacin. Amsar ba ta gamsar da ni ba, domin marubuciyar, Eleanor Bergstein, ta nuna a batun Penny cewa ta iya tona abin da zamanin ya binne.

Don haka dole in rage da'awata. Ban ce fim ɗin ya yi adalci ga kowa ba. Na ce ƙirga ba ya gano inda ya yi da inda ya gaza. A watan Agustan wannan bazarar Martin Luther King ya yi jawabinsa a Washington, amma fafutukar baƙaƙe ta shigo fim ɗin ne ta bakin Neil, jikan mai otal, yana alfahari zai tafi Mississippi, shi da aka tsara don 'yan kallo su ƙi shi.