Zinaren Gagarawa

A Amurka, kekunan dokin da suka yi jigilar zinaren Kalifoniya bayan 1849 suna ajiye a gidajen tarihi, ana zuwa kallo. Mu kuwa gyaɗa ce zinarenmu. Da layin dogo daga Kano ya ratsa Gagarawa, ya kai Nguru a 1930, sai masu jakuna da raƙuma na ƙasar Gumel, har Maigatari da Sule Tankarkar, suka karkata akala zuwa tasha, niƙi-niƙi da buhuna. Da kuɗin gyaɗa aka biya haraji, da shi aka yi aure. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya kasuwar. Sikelin awo, mangala da akumari an bar wa tsatsa da gara, tsofaffin da suka kora jakunan kuma suna ta ƙarewa.