Asalin Kalmar Sulhu

Kalmar nan sulhu, wadda ta zo mana daga Larabci, tushenta ɗaya da salihi da maslaha, watau gyaran abin da ya ɓaci. Shi ya sa masana tarihi ke kiran yarjejeniyar Hudaibiyya, ta shekara ta 6 bayan Hijira, da wannan suna. Amma da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, mutumin Maradun, ya ƙulla nasa sulhun da 'yan bindiga a 2019, alhali makamai na ta kwararowa daga ƙetaren iyaka, a ganina tsagaita wuta kurum aka samu, domin a 2021 aka kwashe ɗalibai mata na Jangebe, ƙasar Talata Mafara, aka kuma afka wa kwalejin noma ta Bakura.